Ƙwarya, Akushi da Faifai: Adon Abincin Salla a Wurno da Rabah da Goronyo

Littattafan koyar da aikin gida waɗanda aka fara kawo mana daga Ingila ba su rasa babi guda a kan ƙawata tebur. A can, idan Kirsimeti ta zo a tsakiyar sanyi, uwargida ta kan samo ganyen itatuwan da ba su kaɗewa, da 'ya'yan itace, da kyandir, ta haɗa su da hannunta, ta ajiye a tsakiyar tebur, iyali su kewaye su ci abinci. Malamin da ya karanta wannan, ya waiwaya gidan ubansa ya ga babu tebur, ya kan ɗauka mu ba mu da irin wannan al'ada. Ni dai ban yarda ba. Muna da ita, sai dai tamu ba a tsakiyar ɗaki ta ke zaune ba. Adonmu yana jikin mazubin abincin ne da murfinsa, kuma a kan yarinya ya ke tafiya daga wannan gida zuwa wancan. Shi na ke so in bi tarihinsa a garuruwa uku na gabas da Sakkwato, watau Wurno da Goronyo a kwarin gulbin Rima, da Rabah a bakin gulbin Sakkwato.

Kafin mu shiga, akwai wata magana ta lissafi da za ta yi mana jagora. Bikin Turawa a tsaye ya ke cikin sanyi ko wace shekara. Tamu Salla kuwa wata ta ke bi, tana matsowa gaba da wajen kwana 11 ko wace shekara, har ta kewayo inda ta tashi bayan shekara 33. Sabo da haka Ƙaramar Salla ta kan faɗo cikin ɗari 'yan shekaru a jere, sa'an nan ta wuce, sai kuma bayan tsara guda. Ta faɗo cikin Janairu a 1837, wadda ita ce ta ƙarshe a rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, domin ya rasu a Wurno cikin Oktoba na wannan shekara. Ta komo a 1870. Ta sake komowa a farkon Janairu 1903, saura wata biyu da rabi Turawa su ci Sakkwato. Haka kuma 1934, da 1967, da 2000. Waɗannan Sallolin ɗari kamar turaku ne da aka kakkafa cikin tarihi. Wanda ya tambayi abin da aka zuba tuwo a ciki a ko wace ɗaya, zai ga yadda gida ya sake.

Wurno ribaɗi ce. Bello ya kafa ta wajen 1830 don ta tsare Sakkwato daga harin Gobirawa, ya kuwa tara mata mutane iri iri: Fulanin da a ke so su bar yawo su zauna, da Hausawan Gobir da Zamfara da Adar, da malamai, da bayin da aka kamo wurin yaƙi. A littafinsa Usulus Siyasa ya lissafa kula da masu sana'a cikin abubuwan da ke wuyan mai mulki. To, ko wane ɗaya daga cikin waɗannan mutane da kayan cin abincinsa ya zo. Bafillatana ta zo da ƙwaryar nononta, wadda ta ke kira tummude, ita ce dukiyarta, ita ce kuma abin alfaharinta. Bahaushe ya zo da akushi da masassaƙinsa. Kada kuma mu manta, yawancin aikin daka da niƙa da girki na manyan gidaje kuyangi ne suka yi shi, kuma babu dalilin da zai sa mu zaci hannuwan da suka saƙa fayafayan gidajen sarauta duk na 'ya'ya ne.

Wani zai ce, in haka ne, ina shaida a rubuce? A nan wahalar ta ke. Malaman daular sun rubuta fiƙihu da tarihin yaƙi da wasiƙu, ba su rubuta yadda a ke rina kaba ba. Barth, Bajamushen nan, ya zauna a Wurno cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma komo cikin 1854, ya ba da labarin gari da kasuwa da fada. Amma baƙo namiji iyakarsa zaure. Abin da ya ke gani shi ne abin da aka fito masa da shi, ɗakin da aka fito da shi kuwa ba ya ganinsa. Shaidar da ta rage mana guda uku ce: kayan kansu, da kalmomin da a ke kiransu da su, waɗanda Bargery ya tara da yawa cikin ƙamusunsa na 1934, da kuma bakin tsofaffi mata.

Duk da haka littattafan malamai sun yi mana bayanin abu biyu. Na fari, shari'a ta hana ci da sha cikin mazubin zinariya da azurfa, ko wane almajirin da ya karanta Risala ya san wannan. Don haka a garin da malamai ke sarauta, ƙasaitar mazubi ba za ta fito ta wajen tsadar ƙarfe ba, sai ta wajen kyan aiki. Sarki da talaka duk itace da duma da kaba ne nasu, bambancin girma ne da gwaninta. Na biyu, hadisi ya yi umurni da a riƙa rufe ƙoƙuna. Murfi dai ba ƙawa ce kawai ba, ladabi ne na addini. Wanda kuwa ya taɓa zama a Goronyo cikin Janairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga arewa har rana ta dushe, ya san fa'idar murfi ko da bai je makaranta ba.

Mu ɗauki kayan ɗaya ɗaya. Duma da damina a ke shuka shi, ya bi dangar gida ko ya yaɗu a gefen gona, a bar shi har ya ƙosa ya bushe bayan kaka. Sa'an nan a fafe shi, a jiƙa, a kankare ɗacin cikin, a shanya. Babba ya zama masaki, matsakaici ƙwarya, ƙarami ƙoƙo, mai wuya a raba shi biyu ya ba da ludayi, ɓallin da ya saura a gyara shi ya zama mara ta kwasar tuwo. Zane iri biyu ne: ko a sassaƙa bayan da wuƙa a shafa alli cikin ramukan, ko a sa wuƙar a wuta a ƙona layuka baƙaƙe. Ba a zana mutum ko dabba sai nadiran, layuka ne da kusurwoyi da da'ira. In ta tsage ba a yar da ita, gyartai ya ɗinke.

Akushi kuwa aikin maza ne. Masassaƙi ya kan fafe shi daga gungume guda, sau da yawa na ɗanya, a baƙanta shi da ƙarfe mai zafi, a shafe shi da mai har ya yi ƙyalli. Amfaninsa a fili ya ke: itace mai kauri ba ya saurin sakin zafi, tuwon da aka kwasa da hantsi ya kan kai azahar da ɗuminsa, ko da ana ɗari. Ƙwarya ta fura ce da nono, akushi na tuwo ne, kuma na maigida da manyan baƙi. Karin maganar nan da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, daga kayan nan aka samo ta kafin a mai da ita kan zaman mutane.

Amma faifai, wanda Sakkwatawa ke furtawa da hw a maimakon f, shi ne zuciyar wannan magana, don shi ne mace ke yi da hannunta a tsakar gida, daga farko har ƙarshe, ba tare da ta biya kowa ba. Kaba a ke yi da ita, watau ganyen ƙaramar goriba wadda ba ta riga ta yi tsawo ba, ga ta kuwa ko'ina a jigawar da ke tsakanin fadama da tudu. A yanko ta tana ɗanya, a shanya, a tsattsage ta siri-siri. Masu kauri da tsinkayen a haɗa su dami ƙanƙane kamar kaurin ɗan yatsa, su ne ciki. Masu laushi su ne a ke naɗewa da su. Daga cibiya a ke farawa. Mai saƙa ta lanƙwasa damin, ta huda zagayen da ya gabata da basilla, ta zura kabar, ta ja, ta sake hudawa, haka haka faifai yana buɗewa kamar yadda ruwa ke yi in an jefa tsakuwa. Cikin hunturu kaba ta kan bushe ta yi ta karyewa, don haka ƙoƙon ruwa ba ya rabuwa da gefenta, tana tsomawa tana yi. Gwaninta wuri biyu ta ke. Ɗaya, ja ya zama daidai, in ya yi tsauri faifai ya kumbura ya zama kwando, in ya yi sako-sako ya yi laɓo-laɓo. Ɗaya kuma, inda za a sake launi. Ba alli, ba takarda, ba ma'auni. Ko wane zagaye ya fi na bayansa faɗi, sabo da haka wadda ke son tauraro mai hannu shida ya fito daidai, dole ta riƙa ƙara ɗinki a ko wane hannu gwargwadon faɗin, da ido kaɗai. Malaman lissafi na kwalejojinmu, da za su ɗauki faifai guda su shiga aji da shi, da sun huta da zanen da'ira a allo.

Launukan da duk daga gona da daji su ke. Ja daga karan dafi, wata irin dawa da ba don ƙwayarta a ke shuka ta ba, sai don jan da ke cikin kuben ganyenta. A daka, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa. Shi ne dai rinin da dukawan Sakkwato ke yi wa fatar jar akuya, wadda ta ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baƙi daga bagaruwa da tsatsar ƙarfe. Rawaya daga saiwar tsiron da ake kira rawaya, wanda launin ya ci sunansa. Farin kuwa na kabar ne kanta. Duk faifan da aka gani da kore shar ko shuɗi mai ƙyalli ko ja irin na jini, to, galura ce, rinin kanti, wanda aka fara haɗa irinsa a Ingila cikin 1856, Jamus kuma ta zama uwar sana'arsa. Wannan hanya ce mai sauƙi ta kimanta shekarun tsohon faifai.

Mai karatu zai lura duk kayan nan lokaci guda su ke nuna. Duma ya bushe bayan kaka, karan dafi tare da dawa a ke girbe shi, shinkafar fadamar Wurno da Goronyo ta shigo rumbu, an huta da kai abinci gona, ga kuɗi a hannu, ga bukukuwan aure sun taso. Watannin ɗari su ne watannin saƙa, ko da Salla ko babu. In kuwa Salla ta faɗo ciki, sabon faifai ne ke hawa sabuwar ƙwarya, a kan sabuwar shinkafa.

Ranar Salla, da an sauko daga idi, sai rabon abinci. Tuwon shinkafa da miya, da waina, da fura, a zuzzuba, a rufe, a ɗora wa yara mata, su ma sun sha kitso da lalle. Wannan na gidan surukai, wannan na malam, wannan na ƙawa, wannan na gidan hakimi. A ba 'yar aike tukuici, mazubi kuma ba safai ya kan komo wayam ba. A zaure kuma maza na ciyayya, ko wane gida ya fito da nasa, a jera a kan tabarma. A nan ne abin da Bature ke ajiyewa a tsakiyar tebur ya ke bayyana a wurinmu. Matar da ke cikin kulle ba ta zo zauren ba, ba kuwa za a ambaci sunanta ba, amma kowa ya san faifanta, kamar yadda a ke sanin hannun marubuci. Tsakanin kishiyoyi kuwa ba sai na faɗa ba. A ganina wannan shi ya sa aka zuba wa murfi ƙoƙari haka: shi ne kaɗai abin da mace ta yi wanda ke fita ya gai da mutane a madadinta.

Rabin adon ke nan. Ɗaya rabin shi ne jere, watau kayan da iyaye ke kai wa amarya, a shirya su a ɗakinta, wasu bisa wasu, wasu a rataye cikin ragaya. Ana gobe Salla a sauke, a wanke, a sake shafe, a mayar. Kayan nan nata ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su ta ke fita. Masu hali su kan sa tasoshin tagulla irin na Bida a ciki.

Da haka aka yi Sallar 1837, da ta 1870, da ta 1903. A ta 1934 ne aka fara jin ƙarar wani abu dabam. Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Bai taɓa isa Sakkwato ba, amma kantunan Gusau sun isa, fatake da jakuna da motoci suka ƙarasa sauran. A wannan shekara ta 1934 aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah, garin da aka haife shi, ya riƙe har 1938. Kwanon da ya fara shigowa lokacin daga Turai ya ke, mai tsada, ɗaya ko biyu a gidan mai sarauta ko attajiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai na Hankan ya malalo, mai araha, mai furanni ja da kore, har daga bisani aka kafa masana'antunsa a Ikko da Kano wajen lokacin samun mulkin kai. Harshe ya cika da sababbin sunaye: langa, samira, fanteka, kwalla, faranti, tangaran.

Kafin Sallar ɗari ta gaba kwano ya ci jere ƙaf. Ƙwarya tana tsagewa, gara na cin ta, ba ta da kasuwa in ta tsufa. Kwano kuwa, in ba a taɓa zuba kome cikinsa ba, kuɗinsa na nan. Sai mata suka mai da shi banki. A jera shi tun daga ƙasa har rufi, a manna farantai a bango cikin yaɓe, a yi shekaru ba a ci a ciki ba, ranar da aka shiga matsi, kamar farin 1973, a zare a kai kasuwa, ko a adana don auren 'ya. Akwai masu kukan cewa kwano ya kashe sana'a. Da gaskiyarsu ta wani gefe, don mai zanen ƙwarya da masassaƙin akushi sun rasa manyan masu saye. Amma ban ga laifin macen da ta zaɓi dukiyar da ba ta ruɓewa ba. Abin da ya kamata a yi kuka a kai shi ne adon ya tashi daga abin da hannunta ya iya, ya koma abin da aljihun ubanta ya iya, bashin kayan ɗaki kuwa tun daga nan ya fara nauyi.

Abin mamaki, faifai bai faɗi ba. Langa da murfinta ta zo, amma murfin ƙarfe yana tara gumi, ruwan ya ɗiga kan tuwo ko waina ya ɓata su. Faifai kuwa yana hana ƙura da ƙuda, tururi kuma ya fita ta ƙofofinsa. Ga shi da shi a ke bakace, da shi a ke fifita wuta, a kansa a ke tallan ƙuli-ƙuli. Har ya ba da aron sunansa ga faifan garmaho. Kishiyar da ya samu ita ce tumaƙasa, murfin zare da a ke saƙawa da ƙugiya, irin aikin da 'yan mata suka koyo a makaranta, tun daga makarantar horon mata da aka buɗe a Sakkwato cikin 1939. Suka zauna tare, sau da yawa ma a kan mazubi guda.

Zuwa Sallar 2000 kula ta karɓe aikin akushi, don ta fi shi riƙe zafi, roba ta karɓe na ƙwarya, kabad mai gilashi ya karɓe na ragaya. Faifan ma yanzu da zaren buhu da ulu a ke naɗe da yawansa. Ƙasar ita ma ta sake. Madatsar Bakolori ta 1978 ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamar shinkafa a gulbin da ya bi ta Rabah. An gama ta Goronyo cikin 1984. Cikin Satumba 2010 ruwa ya ci ƙauyuka da yawa a ƙasar Goronyo da Wurno, gidan ƙasa kuwa in ya rushe da jerensa ya ke rushewa. Sa'an nan ga 'yan bindiga: harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021. Wadda ta gudu da dare da goyo, ba akushin kakarta za ta tsaya ɗauka ba, kuma ba kowa ke iya shiga daji yankan kaba ba.

An yi wa ƙoren gabas aiki mai kyau. Chappel ya fitar da littafi a kan zanen ƙoren ƙasar Adamawa cikin 1977, Heathcote kuma ya nuna kayan fasahar Hausa a London cikin 1976. Kwarin Rima ya cancanci irin wannan, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗaliban kwalejojin horon malamai daga garuruwan nan su ke, ɗalibai mata kuwa suna shiga inda Barth bai shiga ba. Kada a tambayi tsohuwa shekara, ba da ita ta ke lissafi ba. An kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, saura wajen mako guda Salla, kuma ba wanda ya yi wayo a Rabah lokacin da zai manta da wannan Salla. A tambaye ta: a wannan Salla, a cikin me kika kai abinci, gidan wa, wa ya saƙa murfin, da me aka rina shi, me a ke kiran zanen? A rubuta sunan zanen yadda ta faɗe shi da Sakkwatancinta, kada a gyara mata shi zuwa Kananci. In faifan yana nan, a auna faɗinsa, a ƙirga zagayensa, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a bar mata abinta. Yarinyar da ta ɗauki langa a wannan rana tana 'yar shekara goma, yau tana wajen saba'in, Ƙaramar Salla kuwa ba za ta sake faɗowa cikin Janairu ba sai 2031.